Yatsu Uku Daga Wuyan Hannu

Auta ta tura ƙofar banɗaki da ƙafa, ta juye kwanon a masai, ta danna ruwa har sau biyu. Abin da ya fito daga cikin Yaya wannan karon kore ne shar, ba irin farin ruwan da ta yi ta amayarwa jiya ba. Ta tsaya tana kallonsa har ya wuce, sannan ta ɗauraye kwanon, ta goge shi da gefen mayafinta don kada jiƙarsa ta tona mata asiri. Karo na shida ke nan tun jiya da hantsi.

A saman famfo an manna takarda da manyan haruffa: KADA A ZUBAR DA AMAI KO FITSARIN MAJINYACI SAI NAS TA GANI. Auta ta iya karatu sarai. Ta dai koyi wanke hannu kanta a sunkuye.

Kwana uku ke nan da aka cire wa Yaya matsarmama. Duwatsu ne suka cika ta, likita ya nuna musu su a ƙaramar kwalba, Yaya ta ce a ajiye mata za ta yi maɓallan riga da su. Tela ce, shekara talatin tana kan keken ɗinki, kuma bakinta ya fi almakashinta kaifi. Amma tun da ta farfaɗo daga allurar barci tashin zuciya ya sa ta a gaba. Likita ya gindaya sharaɗi ɗaya: in ta wuni ta kwana ba amai, yau da ƙarfe biyu zai sallame ta. In kuma aman ya ci gaba, sai an sake duba cikin.

Kalmar "sake" ɗin nan ita ce ta hana Yaya sukuni. Auta tana da shekara tara, Yaya sha tara, aka yi wa mahaifiyarsu aiki a wannan asibitin, a hawa na sama. Kwana huɗu bayan nan aka ce za a sake shiga da ita, gyara kaɗan za a yi. Yaya ce ta riƙe mata silifas a bakin ƙofa, kuma da silifas ɗin kaɗai ta koma gida. Daga ranar ita ce uwa, ita ce uba. Jiya kuma, kamar da gayya, aka sake shiga da matar gado na huɗu, wadda aka yi musu aiki rana ɗaya da Yaya. Da la'asar mai shara ta zo ta yaye zanin gadon, ta goge katifar roba da ruwan magani, ta naɗe ta biyu. Matar ba ta dawo ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Auta ta dawo ɗaki ta tura kwanon ƙarƙashin gado. Yaya tana kwance a jingine da filo biyu, leɓenta ya bushe, ledar ƙarin ruwa na ɗiga a samanta.

"Kin wanke?" in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Na wanke. Yaya, wannan kore ne fa."

"Kore ko baƙi, ya fita ya huta. Ƙarfe nawa?"

"Goma saura."

"Awa huɗu. Ke dai ki riƙe mini awa huɗu, Auta. In na shiga ɗakina na ji warin man kekena, ras zan miƙe."

Daga gadon da ke fuskantarsu aka yi tari. Kaka ce, tsohuwar da ta karye a ƙugu, wata biyu tana ɗakin har ta fi sababbin nas sanin inda ake ajiye auduga. Barcinta na zomo ne, ido ɗaya a buɗe.

"'Yar nan, ke kam kina son banɗakin nan," in ji ta. "Ko miji aka ajiye miki a ciki?"

"Kaka, in na samo shi ke zan bar wa."

"A'a, riƙe abinki. Ni dai na ga kwano yana tafiya da nauyi yana dawowa fayau." Ta juyar da kai wajen taga. "Ruwa dai ba ya tsami banza."

A daidai lokacin Auta ta jiyo ƙarar. Keken magani yana da taya ɗaya da ke kuka, ƙiii, ƙiii, tun daga farkon baranda. Daga inda ake fara jin kukan zuwa gadon Yaya, in an haɗa da tsayawa a ɗakuna biyu na gaba, minti goma ne. Auta ta auna shi tun jiya.

Ta ja kujera, ta ɗauki hannun Yaya na dama ta juya tafin sama. Ta jera yatsu uku daga layin wuyan hannu, ta sa babban yatsanta a ƙasansu, tsakanin jijiyoyi biyun nan masu tauri, ta danna tana murzawa a hankali. Sista, nas ɗin ɗakin, ita ce ta nuna mata wurin ranar farko, ta ce yana rage wa wasu tashin zuciya bayan tiyata, a haɗa da murza tafin ƙafa. Auta ta saurare ta da ladabi, amma a ranta dariya take yi. Shekara ashirin tana tausa a gidan gyaran jiki na mata, ta warware wuyan ma'aikatan banki, ta sauke kafaɗun malaman makaranta, yau yarinyar da ta girme wa nesa ba kusa ba ce za ta nuna mata inda jijiya take. Sai dai gaskiya ɗaya ce, wurin yana aiki, kuma a hannun Auta ya yi aikin da Sista ba ta taɓa zato ba. In ta danna minti biyar a kowane hannu ta bi da ƙafafu, zuciyar Yaya takan kwanta na kusan minti ashirin. Nas kuwa ba ta wuce minti biyar a bakin gado.

Numfashin Yaya ya daidaita, yawun da take ta haɗiya ya tsaya. Kafin keken ya shigo har ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Mama, ya ƙarfin jiki?" in ji Sista, tana zaro takardar da ke rataye a ƙarshen gado.

"Jiki alhamdu lillahi. Ni fa zaman me nake yi a nan, 'yata? Ɗinkin mutane na can yana jirana."

"Amai fa?"

"Wane amai? Tambayi ƙanwata."

Sista ta dubi Auta. Auta ta dubi ƙafar da take murzawa.

"Babu," ta ce.

Sista ta leƙa ƙarƙashin gado ta ga kwano a bushe, ta ja layi a takarda. Ta sa ma'aunin zafi a hammatar Yaya, ta jira, ta ɗaga shi ta ɗan yamutsa fuska.

"Da ɗan zafi kaɗan. Ba mai yawa ba. Wani wuri na ciwo?"

"Kafaɗar nan ce kawai, kwanciya ce ta yi mata yawa."

"Iskar da ake hura wa ciki lokacin aiki takan sa haka, zai wuce." Ta juya ga Auta tana murmushi. "Anti, hannunki akwai albarka. Jiya har na ba likita labarinki, na ce da za a ɗauke ki aiki a ɗakin nan da mun huta da allurar amai."

Auta ta sunkuyar da kai ta ci gaba da murza ƙafar. Keken ya fita yana kukansa. Bai kai ƙarshen baranda ba Yaya ta damƙi zanin gado, Auta ta jawo labule da hannu ɗaya, kwano da ɗaya. Na bakwai. Da ta fito da shi a rufe da mayafi, Kaka ba ta yi tsokana ba. Ta bi ta da ido kawai, kuma kallon ya fi tsokanar ciwo.

Wajen sha biyu kafaɗar ta matsa. Yaya ta kasa samun gefen kwanciya, gumi ya tsattsafo mata a goshi duk da fankar da ke juyawa.

"Taɓa mini ita, Auta. Kamar ana soka mini allurar keke a ciki."

Auta ta zuba man zaitun a tafinta, ta murza ya yi ɗumi, ta zura hannu ta wuyan rigar asibiti. Ta bi naman da ya tashi daga wuya zuwa kafaɗa, ta zagaya allon, ta shiga ƙarƙashinsa da yatsu. Kafaɗar nan ta san ta kamar tafin hannunta. Duk ƙarshen mako takan warware mata ƙullin da keke ke ɗaurawa a gefen hagu. Ta nemi ƙulli a dama, babu. Ta nemi inda nama ya ɗaure ko ya yi zafi, babu. Naman laushi gare shi kamar na jariri.

"Nan ne?"

"A'a."

"Nan fa?"

"Ciki-ciki. Ba ki kai ba."

Ta danna har yatsanta ya taɓa ƙashi, Yaya ko gezau. Auta ta tsayar da hannunta. Matar da ta koya mata sana'a, wata gajeruwa mai hannu kamar na maƙeri, ta sha faɗa mata cewa naman da ke ciwo yana amsa hannu, ko ya ƙi ka ko ya bi ka. In ka taɓa inda ake kuka da shi bai amsa ba, cire hannunka ka tura mutum asibiti, ciwon aike ne daga wani wuri. Sau biyu a shekara ashirin Auta ta ci karo da irin haka, kuma sau biyun ta tura matan asibiti ba ta ƙarasa musu ba. Yau ga ta a cikin asibitin, ita ce ke tare hanya.

Abu ɗaya Sista ta hana ta tun ranar farko, kada ta kusanci cikin. Auta ta goge man a cinyarta, ta ɗaga zanin rufa a hankali. Filasta huɗu ƙanana suna nan fes, ba jini ba ruwa. Amma cikin ya tashi, fatar ta miƙe tana sheƙi. Ba ta danna ba, ta dai ɗora tafinta a ƙasan haƙarƙarin dama. Tauri kamar katakon teburin yankan yadi, ga zafi yana hudowa. Da ta ɗage hannun, Yaya ta ja numfashi ta haƙora, ta kama mata wuyan hannu da ƙarfin da Auta ba ta san ya rage mata ba.

"Wa ya aike ki nan?"

"Yaya, cikin nan ba lafiya ba."

"Ciki ne da aka huda wuri huɗu, so kike ya yi miki rawa?"

"Bari in kira Sista."

"Ki kira ta ki ce me? Ki ce a sake shiga da ni?" Idon Yaya ya tafi kan gado na huɗu, inda katifar ke naɗe har yanzu. "Kin manta, ke ƙarama ce. Ni na ga fuskar Inna da za a tura ta. Dariya ta yi mini, ta ce in riƙe mata takalmi yanzu za ta fito. Auta, ban taɓa roƙonki komai ba. Na yi miki wanki, na yi miki kitso, na zauna ban yi aure ba sai da kika gama makaranta, ban taɓa buɗe baki na goranta miki ba, yau ma ba gori nake yi ba. Roƙo nake. In mutuwa ce, ta same ni a kan gadona. Ki rantse."

Auta ta ji tsoro irin wanda ba ta ji ba tun tana 'yar shekara tara. Ta ji kuma kunya, don duk abin da Yaya ta lissafa gaskiya ne, har da wanda ba ta lissafa ba.

"Na ji," ta ce.

"Ba ji na tambaye ki ba."

"Na rantse, Yaya."

Yaya ta sake ta, ta lumshe ido. A hasken taga Auta ta ga farin idon, kafin ya rufe, ya soma komawa rawaya. Ko kuwa labulen ne mai ruwan ƙwai ya haska shi? Ta zaɓi ta ce labulen ne.

Ta haɗa kaya don hannunta ya sami abin yi. Ta naɗe tawul, ta sa kofi da cokali a jaka, ta ajiye kwalbar duwatsu a aljihun gefe. Ta durƙusa ta jawo silifas ɗin Yaya daga ƙarƙashin gado, shuɗaye, dunduniyar dama ta cinye saboda taka keke. Ta tsaya riƙe da su, ta rasa jaka za ta sa su ko ƙasa za ta mayar.

"'Yar nan," in ji Kaka a hankali, yadda Yaya ba za ta ji ba. "Ta gado na huɗu ma jaruma ce. Kwana biyu tana cije baki kada a ce ta cika raki. Ni dai ban ce komai ba."

Biyu saura kwata aka jiyo kukan tayar. Wannan karon da takun takalma da yawa a bayansa, zagayen likita ne. Yaya ta buɗe ido, ta haɗiyi yawu, ta sake haɗiya. Ta zaro hannunta daga ƙarƙashin zani, ta juya tafin sama ta ajiye a bakin gado.

"Fara," ta ce.

Auta ta zauna. Ta ɗauki hannun, ta jera yatsu uku, babban yatsanta ya sami wurin da kansa. A ƙarƙashinsa jini na bugawa da sauri-sauri, ba ƙarfi, kamar keke in zare ya kusa ƙarewa. Ta danna. Minti ɗaya, biyu. Ta ji jikin Yaya ya fara sakewa, numfashin yana sauka. Hannunta bai taɓa yin kyau kamar yau ba. Minti ashirin take buƙata, likita ya sa hannu, a kira mota, sai gida. Gida kuma hawa uku ne ba lif, tafiyar awa guda daga nan in hanya ta cushe, kuma a can ba mai leƙa kwano.

Ta ɗage yatsanta. Ta mayar da hannun Yaya kan zani, ta sunkuya ta ɗauko kwanon ta ɗora a cinyarta, ta riƙe shi da hannu biyu.

"Me kike yi?" Yaya ta faɗa cikin raɗa. "Auta. Ba ki yi ɗayan ba. Auta!"

Auta ta kafa ido a ƙofa. Yaya ta miƙo hannun har ya taɓa gwiwarta, ta girgiza shi, ta kira ta da sunan da take kiranta tana yarinya in za ta ba ta abinci a baki. Hawaye ya zubo wa Auta, amma yatsunta ba su bar bakin kwanon ba.

Likita ya shigo, dogo mai furfura a gefen kai, Sista da wasu biyu a bayansa. Ya tsaya a gadon farko, ya tsaya a na biyu, ya yi wa Kaka wasa ta rama. Duk wannan lokacin Yaya tana kokawa ita kaɗai, ta cije leɓe, jijiyar wuyanta ta fito. Ya iso ya karɓi takarda.

"Madalla. Ba amai tun jiya da safe. To Mama, yau kam sai gida." Ya cire murfin biro.

Yaya ta buɗe baki za ta yi godiya, sai abin ya zo. Auta ta riga ta tara kwanon. Ya zubo kore, da yawa, ɗacinsa ya cika wurin.

Likita ya mayar da murfin biron. Ya dubi kwanon, ya ja fatar idon Yaya ƙasa da yatsa, ya ɗaga zani ya danna cikin a hankali, ya saki farat ɗaya. Ƙarar da Yaya ta yi ta sa matar gadon farko toshe kunne.

"Wannan ne na farko?" Ba Yaya ya tambaya ba.

"Na takwas," in ji Auta. "Tun jiya da hantsi. Daga safiyar yau ya koma kore. Ni nake zubarwa. In na ji kekenku sai in danna mata hannu ya lafa har ku wuce."

Sista ta dafe baki. Likita ya dubi Auta daƙiƙa biyu, kallon da ta gwammace mari a kansa, sannan ya juya yana ba da umarni da sauri: a ɗebi jini, a kai ta hoto yanzu, a kira ɗakin tiyata su shirya, kada a ba ta ko ruwa.

"Wataƙila ruwan ɗaci ne ke yoyo a ciki," ya ce wa Auta yana tafiya. "Da jiya muka sani, da abin ya zo da sauƙi. Za mu yi iya ƙoƙarinmu."

Aka kawo gado mai taya. Mutum huɗu suka ɗaga Yaya da zaninta suka ɗora. Ba ta yi gardama ba, ba ta yi kuka ba, ta juya fuskarta bango. Auta ta bi su har ƙarshen baranda, har ƙofa mai ganye biyu da ba a wuce ta. Hannun Yaya yana reto a gefen gadon, tafin a sama. Auta ta kai nata za ta kama, Yaya ta janye shi ta cusa ƙarƙashin zani.

"Kin rantse," ta ce, ba ta waiwayo ba.

Ƙofar ta rufe, ganyayen suka yi ta kaɗawa har suka tsaya.

Da Auta ta koma ɗaki ta tarar da mai shara a bakin gadon da bokitin ruwan magani, ta riga ta cire rigar filo ɗaya.

"Bar shi," in ji Auta.

"Ai gyarawa zan yi, an ce..."

"Na ce ki bar shi. Da mai shi."

Mai shara ta dubi Kaka, Kaka ta ɗaga mata gira, ta ɗauki bokitinta ta fita. Auta ta mayar da rigar filon. Ta fito da kofi da cokali daga jaka ta jera a kan lokar gefen gado, ta rataye tawul. Silifas ɗin ta ajiye su a ƙasa daidai inda ƙafa za ta sauka, bakinsu na kallon ƙofa. Sannan ta hau katifar ta zauna a tsakiya, yadda ba mai iya naɗe ta.

Agogon bango ya nuna uku, ya nuna uku da rabi. Ba wanda ya zo. Cikinta ya fara juyawa, yawu ya taru mata a baki. Can ta lura babban yatsanta na dama yana kan wuyan hannunta na hagu, yatsu uku daga layi, yana murzawa shi kaɗai, kuma har zuciyar ta soma kwanciya. Daga farkon baranda tayar ta fara kuka, tana matsowa.

Auta ta cire yatsan, ta jawo kwanon kusa, ta jira.